Kwamfutar Kawu da abin da na tarar a cikinta

Ranar da Hajiya ta kira ni a waya, 'yan gwangwan sun riga sun yi wa kayan kuɗi. Ana gyaran ɗakin soro ne saboda autanta zai yi aure, shi ne aka fito da duk abin da Kawu ya bari, Allah ya jiƙansa: tsohuwar tafireta, injin kwafi da ɓeraye suka gama da wayoyinsa, kwali biyu na takardu, gwangwanin biskit cike da faifan filofi, da kuma kwamfuta. Ta ce, "Ɗan nan, ka zo ka duba kafin su kwashe. Kai ne mai zama wurinsa a shago. In akwai abin da ya kamata a bari, ka fi ni sani."

Na isa bayan la'asar. Tana jingine da bango, farin jikinta ya koma ruwan ƙwai, ƙura ta toshe duk wata kafa. Ina ganinta na gane ta. Kawu ya saye ta a 1995, lokacin ina firamare, kuma ni ne mai share shagon kafin in tafi makarantar allo. A shekarun nan ne littattafan Hausa na kasuwar Kano suke tashe. Marubuta, da yawansu mata, sukan cika littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, su ba ƙanensu ya kawo, Kawu ya zauna ya buga shafi bayan shafi, daga nan a kai maɗaba'a. Da ya sayi sabuwa wajen 2002 sai ya ɗaga wannan ya ajiye. Na sha jin yana cewa zai kwashe abin da ke ciki idan ya samu sarari, har Allah ya yi masa rasuwa bai samu sararin ba.

Na biya 'yan gwangwan abin da suka taya kwamfutar da gwangwanin, na ɗora a a-daidaita-sahu.

Sana'ata gyaran wayar hannu ce, don haka dalma da mita ba baƙona ba ne. Amma wannan ta girmi duk abin da na taɓa buɗewa, shi ya sa kafin in taɓa ta sai na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Baba. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ka jona ta?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "Madalla. Abin da ya shekara ashirin yana barci ba a tashinsa da tsawa. Kawo mini gidan wutar kawai, sauran ka bar shi a gida."

Gidan wutar irin na da ne da ake kira AT. Baba ya fara nuna mini wani ɗan jan makunni a bayansa mai lamba biyu, 115 da 230. Kayan da aka shigo da su daga Amurka sukan zo a kan 115, wutarmu kuwa 230 ce, kuma da yawa sun mutu a daƙiƙar farko saboda ba wanda ya duba wannan ɗan abu. Namu yana kan 230. Ya buɗe murfin, ya sauke cajin da ka iya maƙalewa a manyan kwandensa biyu masu tara wuta, sannan ya sa yatsa ya nuna wani ɗan kwandensa mai kusurwa huɗu kusa da mashigar wuta. Jikinsa duk ya tsattsage kamar busasshen tabo. Ya ce irinsa yakan sha danshi ta tsagar, da zarar wuta ta shiga sai ya fashe da hayaƙi mai wari. Muka canza shi, da wasu ƙanana huɗu da kansu ya kumbura, duka na samo su a kasuwar Sabon Gari. Da za mu gwada bai jona kai tsaye ba. Ya bi da wutar ta cikin ƙwan fitila, yadda in akwai gajeriyar hanya a ciki ƙwan ne zai haska ya shanye, ba kayan su ƙone ba. Ƙwan ya yi wal, ya dushe. Muka rataya masa ƙwan mota don ya samu abin ɗauka, mita ta nuna bolt 5 da bolt 12, da kishiyoyinsu na ƙasa da sifili, kowanne a inda ya dace.

Monitar kuwa cewa ya yi in bar masa. Irin mai ƙeya ce, kuma wutar da ke bayan gilashinta takan haura bolt 20,000, tana iya zama a ciki bayan an cire soket. Ban yi musu ba. Mahaɗar VGA mai ƙafa 15 da ta fito tun 1987 har yau tana jikin monitoci masu faɗi da yawa, sai na ari ɗaya.

Babban aikin yana kan fanel, wato babban allon da sassan kwamfuta ke zaune a kai. Da na cire shi na hure ƙurar, sai ga abin da nake tsoro. Kusa da ramin da ake soka kibod akwai wani batir mai siffar ƙaramar ganga, bolt 3.6, an liƙe ƙafafunsa da dalma. Aikinsa riƙe agogo da saitin kwamfuta idan an kashe ta. Irin wannan batir, na nikel da kadmiyom, idan ya tsufa yakan yi yoyo, kuma ruwan da ke fita daga cikinsa dangin ruwan toka ne mai ƙarfi. Ya bi layukan jan ƙarfe yana ci a hankali shekara da shekaru. Wuri kamar faɗin tafin hannun yaro ya yi fari-fari da tsanwa-tsanwa, ƙafafun wasu sassa sun yi baƙi, har cikin ramin kati na farko ya shiga. Da an cire batir ɗin nan ranar da aka ajiye ta, aikin minti biyu da filaya, da ba abin da zai same ta. Duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta a sito, ina roƙonsa ya je ya duba wannan tun yau.

Na datse batir ɗin na ware shi daban. Maganin ruwan kuwa duk mai girki ta san shi: kanwa ke kashe tsamin yakuwa, haka shi ma tsami ke kashe kaifin kanwa. Na ɗiga farin ruwan kal a wurin, nan take ya fara tsastsafo da ƙananan kumfa. Na bar shi ya yi 'yan mintoci, na goge da tsohon buroshin haƙori, na sake ɗigawa, har sai da ya daina kumfa. Daga nan na ɗauraye da tataccen ruwa irin na batirin mota, don shi ma kal ɗin in ya zauna zai ci ƙarfe, na bi da sifirit ya kori ruwan, na jingine fanel ɗin a inuwa gaban fanka kwana biyu. Lokacin hunturu ne, iska a bushe, ta taimake ni.

Bayan ya bushe ne aka shiga aikin haƙuri. Na kankare koren fentin da ke kan layukan da suka yi duhu, na sa mita a kan ƙara, na riƙa bin kowane layi daga inda ya taso zuwa inda ya nufa. In ta yi ƙara, layi na da rai. In ta yi shiru, ya yanke. Bakwai na samu a yanke, biyar daga ciki masu zuwa wurin guntun da ke kula da kibod. Na ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya irin wadda muke aiki da ita a wayar hannu. A nan sana'ata ta yi mini rana, domin layukan 1995 kusa da na wayoyin yanzu kamar titi ne kusa da lungu. Abin da ya wahalar da ni shi ne tsohuwar dalmar da ruwan ya taɓa: ba ta narkewa, sai ta yi ta murmushewa kamar garin toka. Dole sai an zuba sabuwa a kai, a zuƙe, a sake zubawa. Dare huɗu na yi a kan haka bayan na tashi daga kasuwa.

Ban mayar da batir a kan fanel ba. Wasu kan liƙa irin mai kama da kwabo, CR2032, amma fanel ɗin an yi shi ne yana cajin batirinsa, shi kuwa wannan ba a cajinsa, sai an tare wutar da dayod. Na ga akwai ƙafafu huɗu da aka tanada domin batirin waje, sai na haɗa batir uku irin na rediyo ƙarama a cikin 'yar roba, na ja waya mai tsawo na ajiye su can nesa, inda ko sun yi yoyo ba abin da za su taɓa.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Na goge ƙafafun katunan ƙwaƙwalwa da abin goge fensir, na mayar da katin hoto, na soka tagwayen filogin wuta yadda baƙaƙen wayoyi suka haɗu a tsakiya, don in aka juya su an gama da fanel. Na yi bisimilla na danna.

Fanka ta juya. Sai ƙaran nan na ƙirga ƙwaƙwalwa, tik-tik-tik, wanda rabona da jinsa tun ina ɗan shekara goma sha wani abu, lambobi suna hawa har suka tsaya a megabayit 8. Allon ya nuna sunan guntun da ke yi wa kwamfutar lissafi, 486DX2 mai gudun megahaz 66. Intel ta fitar da dangin 486 a 1989, wannan samfurin kuma a 1992, da taransisto kimanin miliyan 1.2 a cikinsa. Wayar da ke aljihuna ta ninka shi sau dubbai, amma na daɗe ban ji abin da na ji a ƙirjina a daren nan ba.

Da yake batir ya mutu, kwamfutar ta manta ko wane irin hadis, wato faifan ajiyar bayanai, ne a cikinta. Kwamfutocin wancan zamanin da yawa ba sa gane hadis da kansu yadda na yanzu ke yi, sai an shiga BIOS, wato wurin saitin kwamfuta, an rubuta lambobi uku da ke kan takardar da aka manna a bayan hadis ɗin: yawan silinda, yawan kawuna, da yawan yanki. Na kwafe su, na adana, na sake kunnawa. Hadis ɗin, mai megabayit 340, ya yi wani gurnani, ya ɗauki gudu. MS-DOS 6.22 ta tashi. Na rubuta haruffa uku na shiga Windows 3.1, sai ga allon Kawu yadda ya bar shi.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Abin da ya kamata shi ne in kashe nan take, in cire hadis ɗin, in kwafe shi gaba ɗaya. Maimakon haka sai na kira 'ya'yan Kawu. Washegari suka zo su uku, muka zauna muna buɗe wannan muna buɗe wancan, ga wasiƙar neman aikin wane, ga katin bikin wance, muna ta tuna baya har kusan awa uku. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na kunna, sai na ji wani sabon sauti, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kan faranti. Jikina ya yi sanyi.

Ban sake kunna ta ba. Na cire hadis ɗin na gwada shi da mahaɗar USB, ba ta gan shi ba. Sai na bi layin Beirut, inda ake sayar da kayan kwamfuta, har na samu wata tsohuwar kwamfuta mai ramin IDE, irin mahaɗar tsofaffin hadis, a jikin fanel, na ɗora mata manhajar Linux, na yi aiki da wata manhaja mai suna ddrescue. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa kokawa da wurin da ya lalace. Takan fara kwashe duk mai sauƙin karantuwa, ta tsallake mai gardama, ta rubuta inda ta tsallake, sai daga baya ta dawo tana lallaɓa su kaɗan-kaɗan. Ga hadis mai gargara wannan tsari shi ne daidai, don ba ka san saura awa nawa ya rage masa ba. Na jona komai a kan inbata, na sa ƙaramar fanka tana hura masa iska, na kwana biyu ina leƙawa. Daga ƙarshe abin da ya ƙi karantuwa bai kai megabayit 2 ba.

Mai jin wannan zai ce ai ba a yi asarar komai ba. To, littafi mai shafi 100, in zallan rubutu ne, bai fi kwatan megabayit ɗaya ba. Allah ya taimaka yawancin ɓarnar ta faɗa kan fayilolin manhaja, waɗanda ake iya samu a wani wuri. Amma fayil uku na rubutu sun taɓu. Ba ni da tabbacin cewa zaman da muka yi ne ya jawo, wataƙila da ma sun lalace tun a sito. Abin da na sani shi ne na samu dama ban yi amfani da ita ba.

A gurbin hadis ɗin yanzu katin CompactFlash ne, irin na tsofaffin kyamarori, domin harshensu ɗaya da IDE, ɗan allon mahaɗa kawai ake buƙata. BIOS irin wannan ba ta ganin abin da ya wuce megabayit 528, don haka ƙaramin kati na nema, na zuba masa DOS, na mayar da fayilolin. Asalin hadis ɗin yana naɗe a cikin akwati.

Da na buɗe rubuce-rubucen a kwamfutata ta yanzu sai na ci karo da wata matsalar da ba ruwanta da dalma. Sunayen fayilolin da ma gajeru ne, DOS ba ta yarda suna ya wuce harafi takwas, sai ka ga SOYAYYA2 ko WASIKA14. Cikin rubutun kuwa duk inda ƙ ya kamata ya fito sai in ga }, inda ɗ yake sai in ga ]. "Ƙasar" ta koma "{asar", "haɗa" ta koma "ha]a". Waɗanda suka yi aikin buga Hausa a shekarun nan sun san dalili. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya fito tun 1991, amma manhajojin da ke hannun mutane lokacin ba su aiki da shi. Gurbi 256 kacal kowane salon rubutu yake da shi, kuma ba a ware wa haruffanmu masu lanƙwasa ko ɗaya ba. Sai masu hikima suka zana salon rubutu na musamman, suka kori alamomin da ba a cika amfani da su ba, suka zaunar da ƙ da ɗ da ɓ a gurbinsu. Muddin salon yana cikin kwamfuta, Hausa za ta fito tsaf. In babu shi, sai baka-baka.

Na koma cikin tsohuwar, na laluba jakar SYSTEM da ke ƙarƙashin WINDOWS, na tarar da fayil ɗin salon yana nan lafiya. Shi ya zama mini mabuɗi: na jera kowace alama da harafin da take wakilta, na sa kwamfuta ta musanya su. Amma ban sake jiki ba, domin akwai wuraren da Kawu ya sauya salo don ya sa baka ta gaske, su ma sai suka rikiɗe suka zama ɗ. Dole na riƙa karantawa da ido, tsohuwar a hannun dama tana nuna mini yadda shafin yake a asali, sabuwar a hagu ina gyarawa. A wannan aikin ne na daina kallonta a matsayin kayan tarihi kawai. Ita ce shaidar da nake komawa gare ta duk lokacin da na yi shakka.

Littattafai 23 na ƙirga, wasu cikakku, wasu rabi. Ba nawa ba ne, ba na Kawu ba ne, amanar masu su ce, saboda haka ban saka ko shafi ɗaya a intanet ba. Ta hannun wani tsohon mai sayar da littattafai na samu ɗaya daga cikin marubutan, yanzu har ta yi jikoki. Na kai mata nata a buge a takarda. Ashe na ɗaya da na biyu ne kawai suka fita kasuwa, na uku kuɗi ya yanke ba a buga ba, littafin da ta rubuta da hannu kuma gara ta cinye tun tuni. Ta daɗe tana juya shafukan ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ashe yana nan. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya jiƙan Malam." Na ce amin, Mama. Sauran ina kan nema.

Faifan filofin kuwa 58 ne a gwangwanin. Kafin in saka kowanne sai na buɗe 'yar tagar da ke kusurwarsa, wadda ke hana a yi rubutu a kai bisa kuskure. Sannan in ja murfin ƙarfen in haska da tocila. Wanda ya yi tabon fumfuna ba na saka shi, don zai ɓata kan na'urar, ita kuma ta karce na gaba. Bayan kowane faifai biyu ko uku ina goge kan da auduga da sifirit. 39 sun karantu sarai, 8 sun mutu, 11 masu fumfuna na ware su gefe.

Kwamfutar tana kan kanta yanzu, nesa da ƙasa saboda gara da danshin damina, a lulluɓe da zane ba leda ba, don leda tana tara gumi. Sau ɗaya a wata nakan kunna ta ta yi kamar awa guda, a kan inbata kawai. Kwafin abin da ke cikinta yana wuri uku, ɗaya a gidan Hajiya. Baba ya gyara monitar, launinta ya ɗan karkata zuwa shuɗi amma tana aiki.

Ɗaya daga fayil ukun da suka taɓu na Kawu ne da kansa. Sunansa KARIN. Karin magana ne da ya riƙa rubutawa daga bakin mahaifiyarsa, kakata Iya, kowanne da lambarsa da ɗan bayanin lokacin da take faɗarsa. Ban taɓa sanin yana wannan aiki ba, Hajiya ma ba ta sani ba. Yana tafiya lafiya har lamba 412, daga nan sai tarkacen alamomi, sai ya dawo a 530.

A cikin faifai 11 ɗin nan masu fumfuna akwai ɗaya da aka rubuta wa "Karin maganar Iya" da jan biro, rubutun hannunsa. Ban saka shi a na'ura ba tukuna. Na fara koyon wanke faifai a kan guda takwas ɗin da suka riga suka mutu, ina buɗe robar, ina goge fuskar faifan da sifirit a hankali, ina mayarwa. In hannuna ya faɗa, zan gwada a kan sauran goman ɗaya bayan ɗaya, shi ne zai zo a ƙarshe.